Da Sunan Wa Za a Buɗe Shafin Yajin?

Isale Oja, Agege,
Legas.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina kuma roƙon Allah ya sa ranar da za ki buɗe wannan takarda ta same ki lafiya a ɗakinki, ke da maigidanki da dukan mutanen gidansu. Allah ya sa ki shiga Ojo da ƙafar dama, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutum.

Jibi za a kai ki. Na cusa takardar nan a ƙarƙashin zannuwanki don na san ba za ki kai gare ta ba sai 'yan biki sun watse. Kin san halina. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa miki, shi ya sa bakina ba ya iya yi miki doguwar magana ido da ido. Da na buɗe shi sai in ɓige da faɗan kin bar murfin tukunya a ƙasa. A rubuce kuwa ba na jin nauyinki, don haka ki nemi wuri ki zauna.

Nasihar zaman aure gwaggonninki sun cika miki kunne da ita tun makon jiya, ba zan ƙara ba. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni, wato shafin intanet ɗin da kike son a buɗe wa yajinmu. Na yarda a yi. Gwiwoyina sun gaji, kuma na riga na faɗa a gaban kowa cewa cinikin waje, na masu tafiya London da Jidda da na manyan kantuna, ya koma hannunki. Tunda kin ce mutanen can suna tambayar adireshinmu a kwamfuta, a ba su. Amma wan mijinki, Malam Nura, ba shi zai yi mana shi kyauta ba. Wannan na yanke, kuma ba zan janye ba.

Na san za ki ce Mama ta fara. Ki bari ki ji dalili tukuna.

Ranar da suka zo gaishe ni, kin ji abin da ya faɗa. "Mama, ai wannan ba wani abu ba ne. Ina da kafen intanet nawa, kwamfutoci na kaina. Zan yi mata shafi mai kyau, ko kwabo kada ku bayar. Imel ɗina za a sa, ba sai ta wahala ba. In saƙo ya shigo ni zan kawo mata har gida." Kowa a ɗakin ya shiga sa masa albarka. Ke kina bayan labule kina murna, ina jin motsin awarwaronki. Ni kuwa ban yi murna ba, don na taɓa jin wannan maganar kusan kalma da kalma, daga bakin wani mutumin kirki.

Abin da na gaya miki game da Yajin Maimuna, cewa kasuwarsa ce ta mutu a zamanin soja, ba gaskiya ba ne. Kina makarantar kwana a Kano lokacin, na ga ba amfanin ɗora miki. Yau zan faɗa miki yadda aka yi.

Da mahaifinki ya rasu kina 'yar shekara tara, ba abin da na iya sai dakan yaji irin na Inna. Ƙuli-ƙuli sabo, citta, kanunfari, masoro, kimba kaɗan, da barkonon da nake zaɓa da hannuna a kasuwar Mil 12. Da ƙulli na fara, ina ba masu tsire na Sango. Iya Bose, maƙwabciyarmu mai shagon kayan masarufi, ita ta ce in zuba a kwalba in manna takarda, masu kuɗi ba sa sayen abu a leda. Na sa masa sunan Inna, wanda shi ne naki. Bakina ba ya iya faɗarsa, amma na so in gan shi a rubuce, ja a kan fari.

Mai buga takardu a Shomolu ya ce takardar kaya ba ta cika sai da lambar waya. Ku yanzu da wayar hannu ta shigo bana ba za ku gane ba. A lokacin, layinmu kaf waya ɗaya ce, a shagon Alhaji Tanimu mai goro. Ɗan garinmu ne, mutumin Ɗambatta. Jirgin ƙasa ɗaya ya kawo su Legas da mahaifinki, kuma shi ya tsaya a kan jana'izarsa. Na lulluɓa na je na tsaya daga bakin ƙofa na roƙe shi.

Ya ce, "Haba, matar ɗan'uwana! Wayata ai taki ce. Kawo takardar ma ni zan kai Shomolu, ba sai kin sha wahalar hawa motar danfo ba. Duk wanda ya bugo, saƙo zai same ki har gida."

Da na ba Iya Bose labari sai ta riƙe haɓa. "Ah, Iya Ummi! Lambar wani a jikin kayanki? Wannan wahala ne, o."

Na ce mata, "Ke ba ki san mu ba. Mu Hausawa amana ce ke riƙe da mu a garin nan." Har da ɗaga hanci na faɗa.

Shekara biyu ba abin da na gani sai alheri, kuma ba zan yi masa ƙarya ba. Saƙo na zuwa a kan kari. Wani kanti a Ikeja na son katan uku, wata Hajiya za ta tashi zuwa Jidda ranar Alhamis tana son kwalba ashirin. Da wannan yajin na biya makarantarki, na rufe ɗakin baya da kwano. A shekara ta uku saƙo ya fara ja da baya. In na aika a tambaya sai a ce ba a bugo ba. Wata ya wuce, wani ya bi. Zuciyata ta gaya mini akwai magana, amma shagonsa cike yake da maza, kuma me zan ce? In ce, Alhaji, da gaske ba a bugo ba? Ai na kira shi maƙaryaci ke nan, mutumin da ya ɗauki makarar mijina. Sai na ja bakina na yi shiru, ina cewa kasuwa ce. Wata tara na yi ina wannan shirun.

Kuskurena na farko ke nan, kuma ba aron wayar ba ne. Kuskuren shi ne na ajiye ƙofar cinikina a hannun mutumin da nake jin kunyar yi wa tambaya. Ki auna wannan da Malam Nura. Wan mijinki ne. Ko ruwa za ki kai masa sai kin durƙusa kanki a ƙasa. Ranar da saƙo ya yi ƙasa, ke ce za ki ɗaga ido ki ce, Yaya, buɗe mini imel ɗinka in gani? Ba za ki iya ba, ni na haife ki. In kuma kika iya, maganar ba za ta tsaya a kan yaji ba, za ta shiga har cikin aurenki.

Iya Bose ce ta dawo daga kasuwar Idumota wata rana ta dire mini kwalba a kan tabarma. Takardata ce, sunan Inna ne, lambar wayar ce. Amma ba ni na daka ba. Ashe Alhaji ya kama ɗaki a Dopemu, ya sa injin niƙa, ya ɗauki mata huɗu. Duk mai bugo waya yana samun Yajin Maimuna, ni kaɗai ce ban sani ba.

Ga kuskure na biyu, shi ya fi ci mini rai. Tun a shekarar farko ya kawo mini wata takarda da Turanci, ya ce ta rajistar suna ce a wurin hukuma, don kada wani ya sace mini. Na iya karatun Hausa, Turanci kuwa sai dai na cinikin kasuwa. Iya Bose na nan katanga ɗaya, ta yi sakandare, minti biyu ya ishe ta ta karanta mini. Amma na ji kunyar a ce ban yarda da shi ba, na kuma ji kunyar a gane ban iya ba. Na dangwala yatsa. Takardar cewa take na yarda sunan nasa ne.

Dattawan unguwa sun zauna a kan maganar. Ya ajiye takardarsa a tsakiyar tabarma ya ce, "Wayata ce, ni nake zuwa Shomolu, ni masu saye suka sani. Ita katan biyar take iya dakawa, ana neman talatin. In bar su su tafi?" Dattawa suka yi ta gyaran murya. Ƙarshe aka ce a yi haƙuri, mu baƙi ne a garin mutane, kada a ji kanmu. Washegari ya aiko mini da atamfa turmi biyu. Na karɓa, Ummi. Har godiya na aika. Wannan godiyar ce har yau in na tuna nake jin kamar in mari kaina.

Don haka duk takardar da za a miƙo miki a kan shafin nan, ki karanta ta har ƙasa. Ke kin yi difloma, amma na lura da ke: in mai kwat ya yi Turanci da sauri sai ki riƙa gyaɗa kai kina murmushi alhali ba ki gane ba. Wurina kika gado. Ki ce ya maimaita. In ya maimaita ba ki gane ba, ki ce ya sake. Wanda ya ƙosa da tambayarki tun bai karɓi kuɗinki ba, bayan ya karɓa ko gaisuwarki ba zai amsa ba.

Akwai na uku, kuma saboda shi ne ban ce a fasa shafin ba. Bayan abin nan na zama mai zargin kowa. Shekara bakwai ban sake manna takarda a kwalba ba, sai jan murfi kawai, har mutane da kansu suka sa masa suna Mai Jan Murfi. Wani babban kanti ya aiko yana so, da suka ce in sa hannu a takarda na kori ɗan aiken. Iya Bose ta ce za ta riƙa kai mini Idumota, na ce mata ita ma so take ta koyi sirrin ta gudu. Matar da ta fara faɗa mini gaskiya! Wata uku ba ta yi mini magana ba, kuma da gaskiyarta. Alhaji Tanimu suna ya ɗauke mini, amma shekarun nan bakwai ni na zubar da su da hannuna. Kada tsoro ya zaunar da ke kamar yadda ya zaunar da ni. A yi shafin, a yi shi da kyau.

Kada kuma ki ɗauka daga kan tabarma nake yanke hukunci. Watan jiya, ranar da na ce miki za ni dubiya Oshodi, ba dubiya na je ba. Ni da Iya Bose muka hau danfo muka je neman masu wannan aikin.

Mun fara da wani kamfani a Ikeja, hawa na uku, sanyi kamar cikin firij. Wani oga mai kwat ya zaunar da mu. Ni ce mai kaya, amma Iya Bose yake kallo yana magana, ni ya ɗauke ni 'yar rakiya. Ya nuna mana shafi mai kiɗa, hotuna na juyawa, rubutu na gudu. Sai da muka jira har na gyara zama sau biyu kafin abin ya gama buɗewa. Na ce wa Iya Bose ta tambaye shi, da sunan wa za a rubuta adireshin? Ya yi dariya ya ce kada Madam ta damu, kamfani ne ke riƙe da komai. In muna son canza farashi fa? Sai mu zo ofis, a biya. Na miƙe na ɗauki jakata. Iya Bose tana ta ba shi haƙuri, ni na riga na kai matakala.

Daga nan muka nufi wurin wata da aka yi mana kwatance, Malama Rifkatu, mutuniyar Kafanchan, mai koyar da kwamfuta a wani ɗan shago a hanyar Dopemu. Kwamfuta huɗu, fanka ɗaya, janareta a bakin ƙofa. Ta jawo mini kujera kusa da ita ta yi mini bayani da Hausa.

Ta ce, "Mama, abu uku ne. Akwai adireshi, shi kamar lambar shago ne, ana biyan hayarsa duk shekara, kuma wanda aka rubuta sunansa shi ne mai shi. Akwai wurin da ake ajiye shafin. Sai lambar sirri, ita ce mukulli. Wanda ya riƙe mukulli, shi ke buɗewa, shi ke rufewa."

Na ce, "To in kin yi mana, wa zai riƙe?"

Ta ce, "Yarinyarki mana. Ni me zan yi da shi? Ta zauna a nan, da hannunta za ta buga lambar, ni zan juya baya."

Na ce, "In muka ɓata da ke fa?"

Ta yi dariya har da tafa hannu. "Sai ta ɗauki abinta ta kai wa wani. Kai, Mama, kin sha wuya a wani wuri."

A raina na ce wannan ta san abin da take yi.

Ban ce dole sai ita ba. Ojo da nisa, wataƙila ki sami wani a kusa da ke. Amma ko wane ne, ga sharuɗɗana, kuma ba na son a rage ko ɗaya. A biya shi ladan aikinsa, don wanda kika biya kina iya ce masa gyara nan. Kuɗin yana hannun kawunki, na ware shi daga na kayan ɗaki, shi ya sa kika ga kwanukanki ba su kai na 'yar Hajiya Laraba ba, kuma ko a jikina. Adireshin da sunanki na yanka, a buga miki shaidar a takarda ki ajiye tare da takardar makarantarki. Imel naki, ke za ki riƙa zuwa kina dubawa, ko da a kafen Malam Nura ne, ki biya kuɗin awarki kamar kowa. Lambar wayar hannun da maigidanki ya saya miki ita za a sa, ba tasa ba. Ki san watan da ake sabunta hayar adireshin kamar yadda kika san watan azumi. Kuma ki zauna a gefen mai aikin har ki iya canza farashi da kanki.

Shafin kansa kada a cika masa ado. Hoton kwalbarmu ta gaskiya, da jan murfinta, da abin da ke ciki, da yadda za a same ki. Kada a rubuta muna da masana'anta, turmi uku gare mu da inji ɗaya. Kada ki yi alkawarin katan talatin in goma kike iyawa. Abin da ya sa Alhaji ya sami bakin magana a gaban dattawa ke nan, kuma a wannan guda ɗaya yana da gaskiya.

Saura yadda za ki yi da Malam Nura. Ban ce macuci ba ne. Na yi imani da zuciya ɗaya ya yi tayin, kamar yadda na yi imani Alhaji Tanimu bai zo da niyyar cuta ba ranar farko. Shekara biyu yana ɗaga waya yana jin abin da ake nema, zuciya kuwa ba a ba ta irin wannan dama. Kada ke ki ce masa komai. Ki gaya wa maigidanki cewa ni na hana, ki ɗora mini laifin gaba ɗaya. A ce surukarsu tsohuwa ce mai taurin kai, 'yar Agege, ba ta san zamani ba. Na ɗauka, dama an saba faɗa. In yana son ya sa hannu, ya ɗauki hotunan kwalaben, a gode masa, a kai masa yaji katan guda. Fushinsa na wata ɗaya ne, zai wuce.

Akwai abu ɗaya da ya rage, Iya Bose kaɗai ta sani. Ranar da muka sauko daga kamfanin nan na Ikeja, mun shiga wani kanti a ƙasa mu sayi ruwa. Ina juyawa sai ga su a jere a kan kanta, Yajin Maimuna, ja a kan fari. Shekara bakwai ina kauce wa ganinsu. Na ɗauki ɗaya na ɗaga ta wajen haske. Launin kaɗai ya ishe ni, an cika shi da garin masara da jan kala. Wata mata Bahaushiya, mai shiga ta mutunci, tana tura kwando kusa da ni, ta taɓa hannuna.

Ta ce, "Hajiya, kada ki saya. Da can ba kamarsa a Legas, har London nake kai wa yarana. Amma an ce tsohuwar da ke yin sa ta rasu, 'ya'yanta suka lalata shi."

Iya Bose ta buɗe baki, na take mata ƙafa. Na ce wa matar, "Allah ya jiƙanta."

Ta ce, "Amin," ta tura kwandonta ta wuce.

Na yi wa kaina addu'ar mamaci a tsaye da ƙafafuna, Ummi, na kuma ji an zagi 'yata a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba, ban iya cewa uffan ba, don ba ni da takardar da zan nuna. A danfo na yi kukana har Agege, kwandasta yana ta cewa Mama sori. Wannan sunan ya tafi, na haƙura da shi. Mai Jan Murfi kuwa ina raye ba wanda zai karɓe shi daga hannunki, ko da kyauta ya zo, ko da sallama da zumunci.

Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a aurenki da cinikinki. Allah ya tsare ki a danfo da okada, ya tsare ki daga wuta da ruwa, ya haɗa ki da masu amana, ya kuma ba ki bakin tambayarsu. Ranar da aka buga takardar shaidar adireshin, ki hau mota ki kawo mini. Ba aike nake so ba. Ki zo da kanki ki karanta mini ita tun daga sama har ƙasa, ina zaune ina ji.

Wassalam.

Mahaifiyarki.